Kakuri da Makera: Tarihin Masana'antu da Ke Tsufa a Bakin Kogin Kaduna

Kudancin Kogin Kaduna, daga tsohuwar tashar jirgin ƙasa zuwa Kakuri da Makera, har a gangara Nasarawa da Kudenda, yanki ne da ya taɓa zama cibiyar masana'antun Arewacin Nijeriya, kafaɗa da kafaɗa da Bompai da Sharaɗa na Kano. Wanda ya tsallako gada daga wajen filin wasa na Ahmadu Bello ya miƙi hanyar Kachia zai ga shaidar hakan tun kafin a ba shi labari: dogayen katangu, manyan ƙofofin ƙarfe da tsatsa ta ci, tankunan ruwa a sama, da bututun hayaƙi da suka daɗe ba su ga wuta ba.

A bayan katangun akwai zaurukan da dubban mutane suka yi aiki dare da rana. Wasu rufinsu ya rufta, wasu an mai da su ma'ajiyar kaya, wasu kuma ciyawa ta rufe layin dogon da ke shiga cikinsu. Duk damina sai wani sashe ya faɗi, kuma duk shekara tsofaffin ma'aikatan da suka san abin da kowane gini ya ƙunsa suna ƙara raguwa. Wannan ya sa batun makomar gine-ginen ya fara damun masana tarihi da masu tsara birane da mazauna unguwannin kansu.

Kogi da dogo

Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa Kogin Kwara daura da Pategi. Hausawa na danganta sunansa da kadduna, jam'in kada, Gbagyi kuwa, waɗanda ƙauyukansu suka riga birnin zama a wurin, suna danganta shi da kalmarsu ta kogi.

Birnin kansa Turawan mulkin mallaka ne suka kafa shi. Layin dogon da ya taso daga Baro ya tsallaka kogin a nan ya isa Kano a 1911, sannan aka haɗe shi da na Legas. Gwamna Lugga ya ga wurin na da ruwa, ga dogo, ga fili, kuma ba ya cikin ganuwar wani sarki. Sojoji suka fara tarewa, sannan a 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru.

Tun daga lokacin kogin ya raba wa birnin aiki. Gidan gwamna da ofisoshi da unguwar Turawa suka zauna a arewa. Tashar jirgi da rumbunan kaya da gidajen ma'aikatan reluwe suka zauna a kudu. Da layin gabas da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Kafanchan ya iso a ƙarshen shekarun 1920, sai tashar ta zama mahaɗa, inda kaya daga tashoshin ruwa biyu ke haɗuwa da audugar Zariya da Funtuwa da Gusau. Unguwar Down Quarters da ke kusa da tashar daga wannan zamani ta samo asali.

Zuwan masaƙu

Shekaru da dama audugar Arewa tana bi ta Kaduna a cikin taragu zuwa Ingila, ta dawo a matsayin yadi mai tsada. Gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta ƙudurta juya wannan ciniki. Ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead and Sons na yankin Lankasha aka kafa Kaduna Textiles Limited, wato KTL, wadda ta fara aiki a 1957. Ita ce babbar masaƙar zamani ta farko a ƙasar, kuma da akoko ta fara, yadin da talaka ke saye ya kai wa marina ko maɗinki.

An zaɓi Kakuri saboda dalilai a bayyane. Masaƙa na shan ruwa mai yawa wajen wanki da rini, ga kogi a kusa. Tana bukatar dogo, ga tasha. Ga kuma fili shimfiɗaɗɗe nesa da unguwar manya.

Nasarar KTL ta jawo wasu. Nortex ta zo a farkon shekarun 1960. Arewa Textiles ta biyo baya da jarin kamfanonin saƙa na Japan. United Nigerian Textiles, wadda kowa ya sani da UNTL, an kafa ta a 1964 a ƙarƙashin attajirin Hong Kong Cha Chi Ming, kuma ta zama mafi girma a cikinsu, atamfarta ta shiga kasuwannin Afirka ta Yamma. Daga baya Finetex da Unitex da Supertex suka ƙaru.

Sauran masana'antu ma sun bi sahu. Kamfanin Nigerian Breweries ya buɗe reshensa a Kakuri a 1963. A 1964 aka kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma. A 1975 aka buɗe kamfanin haɗa motocin Fijo, inda 404 da 504 suka riƙa fitowa, har 504 ta zama motar ma'aikatun gwamnati da ta 'yan tasha baki ɗaya. Matatar mai da aka buɗe a 1980 a kudu maso gabashin birnin ita ta riƙa samar da baƙin man da tukwanen tururin masaƙu ke ƙonawa.

Abin da gine-ginen ke nunawa

Ginin masaƙa ba a yi shi don ado ba, aikin da ke cikinsa ne ya tsara shi. Dilolin auduga daga gidajen gurza na shiga ta gefe guda. A ɗakin farko ake warware su a kaɗe datti, a na gaba a shiɓe, sannan a kai zauren kaɗi inda ake mai da ita zare. Daga nan sai zauren saƙa, sai sashen wanki da rini da buga zane, sai rumbun da ake jera bandir-bandir da turame. Wanda ya bi ginin daga ƙofa zuwa ƙofa ya bi hanyar da auduga ke bi har ta zama tufa.

Zaurukan saƙa ba su da bene, domin injunan na da nauyi kuma suna girgiza ƙasa. Shi ya sa suke da faɗi, da jerin ginshiƙai, da daɓen kankare mai kauri. Zauren kaɗi kuma yana bukatar iska mai laima, domin busasshiyar iskar hunturu na tsinka zare, don haka akwai na'urorin da ke jiƙa iskar. Ɗakin tukunyar tururi da bututunsa, da tankin ruwa, da ƙaramin asibiti, da ɗakin cin abinci, da ofishin biyan albashi, kowanne na da gurbinsa a harabar.

Gine-ginen reluwe sun girmi waɗannan. Gidajen manyan ma'aikata na da baranda mai faɗi da dogon rufi da manyan tagogi, irin ginin da aka yi don a sha iska tun ba a san na'urar sanyaya ɗaki ba. Na ƙananan ma'aikata kuwa jeri ne na ɗakuna masu ƙofa ɗaya. Bambancin girman gida da nisan da ke tsakaninsu ya isa ya nuna yadda aka jera mutane daraja-daraja a zamanin Turawa.

A ɗaya gaɓar kogin, cikin lambun Ƙofar Gamji da ke ɗauke da sunan Janar Hassan Usman Katsina, akwai 'yar gadar ƙarfe ta Lugga. A Zungeru aka fara kafa ta a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo Kaduna, kuma tun 1956 tana cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta kare. Masaƙun da suka ciyar da dubban gidaje a tsallaken kogin ba su sami irin wannan gata ba.

Unguwannin da jiniya ta raina

A zamaninsu masaƙun na aiki ne kashi uku a kwana, kuma jiniyar canjin aiki ita ce agogon unguwa. Da ita mai koko da ƙosai ke sanin lokacin fitowa, da ita mai shayi ke hura wuta da tsakar dare. A lokacin canji hanya kan cika da kekuna da masu tafiya a ƙasa, wasu na shiga, wasu na fita da burbushin auduga a gashin kansu.

Ma'aikatan sun fito daga ko'ina: Hausawa da Fulani, Gbagyi, Bajju da Atyap da Ham daga kudancin jihar, Tibi da Idoma da Igala, Nufawa, Yarabawa, Ibo da mutanen Edo. Yawancinsu haya suke yi a gidaje masu ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa su a bakin famfo da kasuwa. Sunayen Kakuri Hausa da Kakuri Gwari har yau suna tuna yadda unguwar ta fara kafin baƙi su cika ta. Kasuwar Monday, da asibitin St. Gerard, da makarantar 'yan mata da yanzu ake kira Queen Amina College, duk sun girma tare da wannan jama'a.

A nan ne kuma ƙungiyar ƙwadago ta yi ƙarfi. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, a Kaduna hedikwatarta take. Adams Oshiomhole daga Arewa Textiles ya fara, ya zama babban sakataren ƙungiyar a 1982, ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa daga 1999, sannan ya zama gwamnan Edo. Masana biyu daga Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun rubuta littafi sukutum a kan ƙarfin wannan ƙungiya, kuma masaƙun Kaduna na daga cikin wuraren da suka fi nazarta.

Yadda injuna suka yi shiru

A farkon shekarun 1980 Nijeriya na da masaƙu fiye da ɗari, kuma bayan gwamnati babu mai ɗaukar ma'aikata kamarsu. Rugujewar ba rana ɗaya ta zo ba. Faɗuwar farashin mai ta jawo ƙarancin kuɗin waje, sannan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara da sinadaran rini da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin mai ya yi wuya saboda yawan tsayawar matata, kowace masaƙa ta koma dogaro da janareta.

Noman auduga ya ja baya bayan rushe hukumomin ciniki, jirgin ƙasa ma ya durƙushe. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka sassauta hana shigo da yadi bayan shekaru biyu. Ko da aka maido da haramcin, atamfa mai araha daga Sin ta ci gaba da kwararowa ta hanyar fasa-ƙwauri ta kan iyakokin Benin da Nijar, wani lokaci ɗauke da zane da tambarin masaƙun gida.

KTL ta rufe a 2002. Nortex da Finetex da Arewa Textiles suka bi ta cikin 'yan shekaru. UNTL ta tsaya a 2007, ta sake buɗewa a 2010 da rancen asusun naira biliyan 100 da aka ware ta hannun Bankin Masana'antu, amma ba ta koma ƙarfinta na da ba. Kamfanin Fijo, wanda aka sayar wa 'yan kasuwa a 2006, shi ma aikinsa ya ragu ƙwarai. Tsofaffin ma'aikatan masaƙun da aka rufe sun shafe shekaru suna neman kuɗin sallamarsu, da yawa sun rasu ba su karɓa ba.

Rufewar ta zo daidai da rikicin Shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau na 2002. Jama'a suka yi ta ƙaura, Musulmi suka fi karkata arewacin kogi, Kirista kudu. Zauren masaƙa na cikin wurare ƙalilan da ɓangarorin biyu ke tsayawa a gaban inji ɗaya, kuma ya rufe a lokacin da aka fi bukatarsa.

Rabon kogin

Kogin ya biya nasa farashin. Magudanan Kakuri da Makera sun daɗe suna kwarara ruwan rini da sauran dagwalon masana'antu cikinsa, kuma masu bincike daga jami'o'i sun sha auna gurɓacewar ruwan a daidai waɗannan wurare. Masu lambun rani da masunta da masu haƙar yashi da ke ƙasa da magudanan su suka fi shan wahalar. Tsayawar masaƙu ta rage rini, amma shara da ruwan kwata na unguwanni sun maye gurbinsa.

Akwai kuma ambaliya. Ta 2003 da ta 2012 sun cinye gidaje da dama a gaɓoɓin biyu, musamman waɗanda aka gina a kan hanyar ruwa. Tsarin birnin da kamfanin Max Lock ya fitar a 1967 ya hango bunƙasar Kaduna har zuwa 2017, amma gine-gine sun riga tsari isa bakin kogi. Duk wani shiri na sake amfani da filayen masana'antu dole ya lissafa da ruwan sama da kuma abin da shekarun rini da mai suka bari a cikin ƙasa. Tsohon rufin asbestos ma, inda yake, haɗari ne ga huhun mai kwance shi ba tare da kariya ba.

Ra'ayoyi sun bambanta

Tsofaffin ma'aikata da 'yan ƙungiya na ganin maganar adana gini ba ta taso ba tukuna. A wurinsu masaƙa wurin aiki ce, abin da ake bukata shi ne a biya haƙƙoƙi a tada injuna. Suna kafa hujja da yawan jama'ar ƙasar da kuma kakin sojoji da 'yan sanda da 'yan makaranta da za a iya saƙawa a gida. Matakin Babban Banki na 2019 na hana masu shigo da yadi kuɗin waje ya ƙara musu fata na ɗan lokaci.

Masana tattalin arziki da dama na ganin injunan sun tsufa, kuma sabuwar masaƙa ba lallai ta bukaci tsohon zaure ba. Abin da ya fi daraja a wurinsu shi ne filin, mai hanya da dogo a tsakiyar birni. Tashar sauke kaya ta kan tudu da aka buɗe a Kakuri a 2018 misali ce ta yadda yankin zai iya komawa cibiyar ajiya da jigila. Dillalan filaye kuwa rukunin gidaje da shaguna suke hangowa.

Masana tarihi da masu zanen gini na cewa ko wace hanya aka bi, bai kamata a rushe ba tare da an rubuta ba. Dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta ba da damar ayyana gini a matsayin abin tarihi, amma hankali ya fi karkata ga ganuwa da fada da masallatai da gine-ginen mulki irin su Lugard Hall. Masana'anta mai shekara sittin da ɗoriya ba kasafai ake kallonta da wannan ido ba.

Mallaka ma matsala ce. KTL ta jihohin Arewa 19 ce ta hannun kamfanin NNDC, wasu masaƙun kuma bashin banki da shari'a sun ɗaure su. Ginin da ba a san mai yanke hukunci a kansa ba, ruwan sama da masu kwance ƙarfe su kai wa 'yan gwangwan ne ke yanke masa.

Yadda wasu birane suka yi

Garuruwan masaƙu da dama sun bi ta wannan hanya. A Lowell da ke bakin Kogin Merrimack a Amurka, an mai da tsofaffin masaƙu wurin tarihi na ƙasa a 1978, inda ake kunna wasu injunan don baƙi su gani. Saltaire na Ingila, garin da aka gina don ma'aikatan masaƙa a bakin Kogin Aire, ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2001. A Lodz ta ƙasar Folan an mai da wata babbar masaƙa kasuwa da gidan tarihi ba tare da an rushe bangonta ba. Liverpool kuwa an cire ta daga jerin UNESCO a 2021 saboda sababbin gine-ginen da suka sauya fasalin bakin ruwanta.

A gida ma akwai misali. A Ebute Metta ta Legas, wata ƙungiyar sa-kai ta gyara gidan Jaekel, tsohon gidan shugaban reluwe, ta mai da shi ƙaramin gidan tarihin jirgin ƙasa.

Abin da za a iya cetowa

Matakin farko ba ya cin kuɗi mai yawa: a ƙirga gine-ginen, a auna su, a ɗauki hotunansu, a rubuta shekarar kowanne da aikin da ya yi. Ɗaliban zanen gini na Jami'ar Ahmadu Bello da na sashen fasahar saƙa na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna na iya wannan aiki. Na biyu shi ne takardu: littattafan albashi, taswirar harabobi, da kundin zanen atamfa, waɗanda Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna suka dace da riƙonsu. Na uku shi ne naɗar muryoyin masu saƙa da makanikai da matan da suka sayar musu da abinci, tun suna raye.

Daga nan ne za a iya zaɓe. Ba kowane zaure ne zai tsira ba, amma ƙofar KTL da zaure ɗaya da injunansa, da bututun hayaƙi ɗaya, da tsohuwar tashar jirgi tare da 'yan gidajen reluwe, sun isa su riƙe labarin. Sauran zaurukan da ginshiƙansu ke da ƙarfi za su iya ɗaukar maɗinka da marina da masu koyon sana'a, ko rumbunan kaya. Hukumar tsara birane ta jihar na da ikon sanya sharaɗin cewa kafin a ba da izinin rushe duk wani ginin masana'anta a yankin, sai an auna shi, an ɗauki hotonsa, an gwada ƙasar wurin, an kuma ajiye bayanan inda jama'a za su iya dubawa.